Lilon Cindo

Bayan kasuwar Gujungu, gab da tsamiya,
akwai lilon da Cindo mai walda ya ƙera
shekarar da ruwa ya ƙi, aikin garma ya tsaya.
Kujera shida, kowace da sarƙarta,
ƙarti biyu ke juya shi da ƙarfin damtse.
Tun ba ka gan shi ba za ka ji kukansa,
ƙiii, ƙiii, kamar zabuwa ta hango shaho.

Bana sai ga Kansila da hoto a waya:
gidan roba mai iska, ja da ruwan ɗorawa,
da 'yan motoci masu batir, masu fitila.
Ya ce a kira 'yan gwangwan su auna tsohon,
a cika kuɗi, sabo ya iso kafin Sallah.

Daren nan teburin Mati mai shayi ya rabu biyu.

Sagiru ya ce, "Tsatsa kuke wa kara?
Bara ya yanki ɗan Uwale a ƙauri,
allura uku muka biya a Taura.
Sabo turken wawa, ku sake shi ya tafi."

Barau ya dire kofi har shayi ya fantsama:
"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro.
Robarku ƙayar aduwa ɗaya ta ishe ta.
Wa zai sayi fetur ran da janareta ya ji ƙishi?
Na Cindo baƙin mai cokali biyu yake sha,
ya yi shekara bai sake roƙon kowa ba."

Ni ina ɓangaren Barau, har da ɗaga murya.
A kujera ta huɗu na fara ganin garinmu daga sama,
barkonon Inna a kan soro kamar jar darduma,
da jakin Liman ya koma ɗan ƙaramin ɓera.
Kwabo goma na ba da, na sauko da jiri,
jirin da har yau bai gama sakina ba.

Sagiru ya ce, "To tashi ka hau mu gani."

Muka ɗunguma da tocilan, har da Mati.
Na ɗaga riga, na juya, na zauna,
kujerar ta ƙi ni.
Ƙugu ya wuce ta da taƙi guda,
dariya ta tashi har jemagun tsamiya suka watse.
Na sunkuya neman takalmina da ya suɓuce,
sai haske ya faɗa kan ƙusar da ke riƙe da sarƙa:
ta cinye, ta siranta, ta koma tsinken tsintsiya.
Ni kaɗai na gani.
Na kashe tocila, na ce dare ya yi.

Barci bai zo ba.
Da asuba na tambayi Tasalla, 'yar autata,
tana wasa da kunu, ido rabi a rufe:
"Tsohon kike so, ko na cikin waya?"
Ta ce, "Wanda za a bar ni in hau sau biyu."

Kwana tara muna musu, ba wanda ya tambaye su.

Na ɗauki sarƙar kekena da kwaɗonta,
na je na ɗaure lilon Cindo a ƙafarsa.
Barau bai gaishe ni ba a masallaci,
Sagiru ya ce na yi rabin hankali.
An ɗage zama sai an gama yankan gero.

Yanzu akuyar Uwale ke kwana a inuwarsa.
In iska ta taso yakan ɗan motsa,
ya ce ƙiii sau ɗaya, sarƙa ta tsayar da shi.
Makulli na aljihuna, tare da goro,
kuma ɗan Cindo, da ya gaji injin walda,
ya ce zai zo ya duba, in ya dawo daga Legas.